Yanda ake tuffa mai rigar karamel a gida, wadda ba ta zamewa

Karon farko da na gwada wannan abin wallahi kunya na sha. Ana gobe ƙaramar sallah ne, na sayo tuffa guda takwas masu kyau sai sheƙi suke, na dafa karamel ɗina ya yi kala ya yi ƙamshi har maƙociyata tana leƙowa wai me ake toyawa, na tsoma su ɗaya bayan ɗaya na jera a tire na shiga wanka, kafin in fito duk karamel ɗin ya sulale ya kwanta a gindin tire, su kuma tuffa ga su nan a tsaye tsirara kamar wadda zaninta ya kwance a tsakiyar kasuwa. Yara dai ba su yi asara ba, da cokali suka kankare tiren tas. Ni ce na yi asarar suga da madara da bota. Sai daga baya na gane laifin ba na karamel kaɗai ba ne, rabin aikin a jikin tuffar yake tun kafin a ɗora tukunya, shi ya sa zan daɗe a wajen, ki yi haƙuri da ni.

Ga wadda ba ta san shi ba, tuffa ce ɗanya sukutum ake soka mata tsinke a tsoma ta cikin alawa mai laushi ta suga da madara da bota, ta daskare a jikinta, in kin gatsa ki ji zaƙi da danƙo a waje, ciki kuma ruwa da ɗan tsami yana garas-garas. Abin mutanen Amurka ne, suna yinsa lokacin kakar tuffa wajen watan Satumba zuwa Oktoba, an fi ganinsa a bikinsu na Halowin ran 31 ga Oktoba da wuraren wasannin kasuwar baje koli. Wani ma'aikacin kamfanin Kraft mai suna Dan Walker ake dangantawa da shi, a shekarun 1950, wai ragowar alawar karamel ya narkar ya tsoma tuffa a ciki. Kar ki haɗa shi da wancan ja wur ɗin mai ƙyalli kamar gilashi da kike gani a hotuna, shi wancan suga zalla ne ba madara, ana dafa shi har wajen digiri 150 ya yi tauri yana fashewa a haƙori, kuma ya girmi wannan, tun 1908 ake ba da labarinsa a garin Newark na Amurka. Namu mai laushi ne. In kin taɓa yin iloka to kin riga kin san kashi bakwai cikin goma na aikin nan, dan kusan abu ɗaya ne, sai dai shi ba a barinsa ya yi taurin da za a yanka.

Kayan da za ki tanada, na tuffa 8 matsakaita:

Tuffa 8
Farin suga kofi ɗaya da rabi, giram 300 kenan
Ruwa kwatan kofi
Gulukos na ruwa babban cokali 6, wajen giram 120
Bota giram 100
Madarar ruwa ta gwangwani irin su Peak, ƙanana guda 2, wajen kofi ɗaya da ɗan ɗori
Gishiri rabin ƙaramin cokali
Filebo na banila ƙaramin cokali 1
Tsinke mai kauri ko sandar askirim guda 8
Gyaɗa, riɗi ko kwakwa na barbaɗawa in kina so

Kofin da nake nufi na awo ne mai cin mililita 250 ko kusa da haka, ba kofin shayin maigida ba. Gulukos ɗin nan ba na gari da ake ba mara lafiya ba ne, na ruwa ne fari mai yauƙi kamar zuma, masu sayar da kayan kek suna da shi a ƙaramar roba. Aikinsa shi ne hana suga komawa yashi-yashi bayan ya huce, shi ke sa karamel ya zauna sumul yana miƙewa. In kin rasa shi ki sa zuma babban cokali 4, sai dai ɗanɗanon zuma zai fito kuma zai ɗan fi laushi, ko ki matsa lemon tsami rabin ƙaramin cokali a cikin sugan tun farko, kar ki wuce haka dan in ya yi yawa madarar za ta yi miki gudaji. Maganar bota kuma, ta gaske ta madarar shanu ta fi, wadda ke zuwa a dunƙule cikin takarda. Majarin mai laushi na shafa wa burodi ruwa ya yi masa yawa, yana yi dai amma wani lokaci sai ki ga mai yana tasowa sama, irin na kek mai ɗan tauri ya fi shi. In kina da kirim na ruwa wanda ake bugawa to kofi ɗaya ya maye gurbin madarar, ya ma fi daɗi, tsada ce kawai.

Zaɓen tuffa. Koriyar nan mai tsami ita ce ta wannan aikin, sunanta Granny Smith, asalinta daga Ostireliya, mu kuma yawancin wadda ke zuwa mana daga Afirka ta Kudu ake shigo da ita. Dalili biyu ne, tana da tauri ba ta yin laushi in zafi ya taɓa ta, sannan tsaminta ke kashe zaƙin karamel, in kika sa ja mai zaƙi a cikin zaƙi gatsa uku za ki ajiye ya gundure ki. Amma in yaranki ba sa son tsami ki ɗauki ja mai tauri ba laifi, ki dai guji wadda ta daɗe a tire tana shan rana, irin wadda in kin gatsa kamar garin rogo. Ki danna da babban yatsa, in ta lotsa ki bar wa mai ita. Kuma ƙanana sun fi manya, sun fi sauƙin tsomawa, yaro yana iya cinye guda ɗaya, manyan nan nauyinsu ma karya tsinke yake.

Toh ga inda na faɗi a karon farko. Sheƙin nan da kike gani a jikin tuffa kaki ne, wato abu mai santsi irin kakin zuma. Ita kanta tuffar tana da nata na halitta, sannan masu fitar da ita ƙasashen waje suna ƙara mata wani irin wanda ake ci dan kar ta bushe a hanya, in kin kankara da wuƙa za ki ga fari-fari yana fita. Ba guba ba ne, amma karamel mai zafi in ya hau kansa narkar da shi yake, sai ya zama kamar kin shafa mai a tsakani, ina zai kama. Dole ki cire shi. Ki tafasa ruwa a tukunya mai zurfi ki zuba khal babban cokali ɗaya ko ruwan lemon tsami, ki ɗauki tuffa ɗaya a ludayi mai huji ki tsoma ki juya ta, ki ƙirga ɗaya zuwa biyar ki fitar, kar ki wuce sakan goma ko kaɗan dan bayanta zai dahu ya canja kala ya koma ruwan ƙasa. Tana fitowa da zafinta ki murje ta da tawul mai kaushi sosai kamar kina goge wa yaro ƙafa da hunturu. Za ki ga sheƙin ya tafi ta yi dusu-dusu, in kin shafa yatsa yana ɗan tirjewa maimakon santsi, to haka ake so. Munin da ta yi shi ne kyanta a nan.

Bayan haka ki murɗe ɗan itacen da ke kanta ki cire, ki goge ramin wajen da ramin gindinta da kyau, nan ne ruwa ke maƙalewa, ɗigo ɗaya ya isa ya sa karamel ya yi kumburi ya saki. Sai ki ajiye ta a kan katako ki soka tsinke ta saman, daidai inda itacen ya fita, ya shiga kamar rabin tuffar ko ya ɗan wuce, ki ɗaga ki girgiza ki ji ba ya motsi. Tsinken tsire siriri ba ya ɗaukar nauyi sai dai ki haɗa biyu ko uku, sandar askirim ta fi, in ta ƙi shiga ki fara yi mata hanya da bakin wuƙa. Ruwan da ya ɓulɓulo a gefen tsinken ki goge shi. Daga nan sai firij, aƙalla awa ɗaya, in da hali ma ki yi wannan aikin da safe ki tsoma da yamma. Sanyin tuffar ne ke sa karamel ya daskare nan take kafin ya samu damar gangarowa. Amma fa ki kula, in kin fito da ita daga firij musamman da damina sai ki ga ta yi gumi, to kowace ɗaya sai kin sake goge ta dab da tsomawa. In babu wuta ki sa su a leda ki ɗaure ki ajiye a kula mai ƙanƙara, ledar ce za ta hana su jiƙewa.

Kafin ki kunna wuta ki gama shirya komai a gabanki, dan karamel ba ya jiran kowa. Tire ki shimfiɗa masa takardar gashin kek ki shafe ta da bota, in babu takarda ki shafe tiren silba da bota sosai, kar ki sa leda ko jarida. Gyaɗarki ki soya ki murje ki ɗan daka ta ba lukui ba, riɗi ki soya sama-sama, kowanne a kwanonsa. Ki ajiye kofi cike da ruwan sanyi da ƙaramin cokali kusa da murhu. Madarar ki juye a ƙaramar tukunya ki ɗumama ta, ba sai ta tafasa ba, bota ki yayyanka ta ƙanana. Sannan ki kori yara daga kicin, da gaske nake, ki sauke goyo. Narkakken suga ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba kuma mannewa yake a fata. In tsautsayi ya sa ya zubo miki ki tara wajen a ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki ko ƙwai ko manja da ake cewa, in wajen babba ne ko ya tashi sosai a tafi asibiti.

Tukunya ki samu mai kaurin gindi, mai zurfi, ba mai faɗi ba. Zurfin yana da amfani biyu, in kin zuba madara kumfa zai taso ninki biyu ko uku, sannan wajen tsomawa kina son karamel ya taru wuri ɗaya ya yi zurfi. Siririyar tukunyar nan mara nauyi ƙona miki za ta yi ta gefe ɗaya. In cikinta fari ne ya fi dan ki ga kalar da kyau.

Ki zuba suga da ruwa da gulukos, ki juya a hankali kafin ki ɗora har ko'ina ya jiƙe. Ki ɗora a matsakaiciyar wuta. Da zarar ya fara tafasa ki cire cokali, kar ki ƙara juyawa, na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi amma ki daure, juyawa a wannan lokacin ke sa suga ya fantsama gefen tukunya ya bushe, ƙwaya ɗaya ta faɗo ciki ta ja sauran duk su koma gari. In kin ga ƙwayoyi a gefe ki rufe tukunyar minti ɗaya tururi zai wanke su. Zai yi ta tafasa fari kamar ba abin da ke faruwa, wajen minti 8 zuwa 12 ya danganta da wutarki, sai ki ga gefe ya fara ɗaukar kalar ruwan ɗorawa. Daga nan kar ki amsa waya kar ki amsa sallama. Ki riƙe hannun tukunyar ki ɗan karkaɗa ta kalar ta gauraya. Zai koma kamar zuma fara, sannan kamar shayin da ba a sa wa madara ba, to nan za ki sauke. Tsakanin wannan kalar da ƙonewa bai fi sakan 20 ko 30 ba. In ya yi baƙi yana hayaƙi yana ƙauri kar ki ɓata madararki a kai, ɗaci zai yi kuma ba abin da ke gyara shi, ki zubar ki sake. Gara ki sauke da wuri ya yi haske da ki makara.

Kina saukewa ki zuba bota ki juya da muciya ko dogon cokalin katako, zai yi cuuu ya taso, ki ja fuskarki baya. In ta narke sai madara mai ɗumi, kaɗan-kaɗan, ki zuba kamar kwata ki juya kumfan ya lafa, ki ƙara, har ta ƙare. In kika juye madara mai sanyi gaba ɗaya sugan zai dunƙule ya zama dutse a gindin tukunya. Ko hakan ta faru kar ki tsorata, ki mayar kan wuta kaɗan ki yi ta juyawa zai narke, lokaci kawai zai ci. Ki sa gishiri. Kar ki raina gishirin nan, shi ke fito da ɗanɗanon, in babu shi zaƙi ne kawai salam.

Yanzu ki mayar kan wuta, ƙasa da matsakaiciya, kuma a nan dokar ta juya, ɗazu na ce kar ki juya, yanzu kuma kar ki daina. Madarar gwangwani saurin kamawa gare ta, ki riƙa bin gindin tukunya da kusurwoyinta da muciya ba tsayawa, in kin ga ɗigo-ɗigo baƙi suna tasowa to ya fara kamu, ki rage wuta maza ki juye a wata tukunyar ba tare da kin kankaro gindin ba. Zai ɗauki minti 10 zuwa 15. Da farko kumfan ƙanana ne masu sauri, a hankali su zama manya masu nauyi suna fashewa fut-fut kamar talgen tuwo, in kin ja muciya kina hango gindin tukunya na ɗan lokaci kafin ya rufe. To kin kusa.

In kina da ma'aunin zafi na girki, digiri 116 zuwa 118 kike nema a ma'aunin Salsiyos, in naki na Amurka ne wajen 240 zuwa 245 kenan. Lokacin zafi irin na Maris da Afrilu ki kai shi 120 dan ya jure, da hunturu kuma 116 ya isa, in ya wuce sai ya yi ta cire wa mutane haƙori. Ki fara gwada ma'aunin a tafasasshen ruwa ki ga nawa ya nuna, dan ba ko'ina ruwa ke tafasa a 100 ba, a gari mai tudu kamar Jos wajen 96 yake tafasa, to duk abin da ya ragu daga 100 ki rage shi daga lissafinki.

In babu ma'auni, ni ma shekara nawa ba ni da shi, kofin ruwan sanyin nan ya ishe ki, gaskiya ma na fi yarda da shi. Ki sauke tukunyar daga wuta tukuna dan kar ya ci gaba da dahuwa kina gwaji, ki ɗebo kaɗan a cokali ki ɗiga a ruwan, ki jira sakan goma ki sa yatsu ki tattaro shi. In ya narke ruwan ya yi kalar shayi da saura sosai. In ya taru ya dunƙule amma kina ɗora shi a tafin hannu ya baje, ya kusa, ki ƙara minti ɗaya ko biyu. In kin mulmula shi ya zauna kamar ƙwallo bai baje ba, amma kina matsawa yana lotsawa kamar cingam da aka tauna, shikenan ya yi. In ya yi tauri har yana ƙara a jikin kofi to ya wuce, ki zuba madara babban cokali 2 ko 3 ki mayar wuta ki juya ya haɗe ki sake gwadawa. Ki canja ruwan duk gwaji. Ki ɗanɗana ɗan ƙwallon ma, yanda kika ji shi a haƙori haka zai zama a jikin tuffa.

Ya yi? Sauke, ki sa filebo ki juya sau biyu uku a hankali. Sai kuskure na biyu da na yi ranar nan, ɗoki ya sa na tsoma yana tafarfasa. Ki bar shi ya huta minti 5 zuwa 10, kumfan ya kwanta gaba ɗaya, ya ɗan yi kauri, in kin tsoma cokali ya fito a lulluɓe ba a ganin ƙarfen. Mai ma'auni wajen digiri 90 zuwa 95. In ya yi zafi da yawa siriri zai hau kuma ya gangare, sannan yana dafa bayan tuffar ta fitar da ruwa daga ciki. Kar kuma ki yi ta buga shi dan ya huce, iska za ki cusa masa ya fito da ƙuraje.

Ki fito da tuffa biyu-biyu, sauran su zauna a sanyi. Ki goge, ki karkata tukunyar da hannu ɗaya karamel ya taru a gefe, ki riƙe tsinke ki tsoma ki murza ta zagaya sau ɗaya ko biyu. Kar ki nutsar da ita duka, ki bar ɗan fili zagaye da tsinken, nan ne iska da ruwa ke fita, in kin rufe shi sai ya yi ƙwai ya fashe, kuma koren da ke leƙowa a sama ado ne. Ki ɗaga ta sama da tukunya ki yi ta murza tsinken a yatsunki rarar tana zuba, kamar sakan 20, ki kankare gindinta da cokali ko bakin tukunya, sannan ki juya ta kanta ƙasa gindinta sama ki riƙe haka wani sakan 20 ɗin, wanda zai taru a ƙasa ya dawo ya bazu. Wannan ɗan juyin shi ke hana ta yin faffaɗan gindi kamar faifai a kan tire. Ɗan taruwa kaɗan dai dole ne, har na kanti suna da shi.

In za ki sa gyaɗa to yanzu ne, yana da ɗumi yana kamawa, ki dangwala gindin a kwanon ki mirgina ki ɗan danna da tafin hannu. Ni riɗi na fi so, ɗanɗanon yana tafiya wajen kantu, ga shi ba nauyi. Gyaɗa in ta yi manya-manya nauyinta jan karamel ɗin take ƙasa. Kwakwa sai busasshiya, ɗanya ruwa gare ta. Mai son cakulan kuma ta jira sai karamel ya daskare tukuna sannan ta narkar ta zuba a leda ta huda ta yi zane a kai. Ki jera a tire kar su taɓa juna. Wajen ta biyar ko ta shida za ki ji karamel ya yi nauyi yana hawa da kauri, ki mayar kan wuta kaɗan sakan 30 kina juyawa ya saki, ki ci gaba. Ta ƙarshe da cokali za ki ɗiba ki zuba mata, ita ce ta mai girki, ba ta shiga hoto.

Ki sa tiren a firij minti 20 zuwa 30 ya kama. In kin fito da su kin ga wata ta yi taruwa a ƙasa ki shafa bota a yatsu ki tura shi sama ki lallaɓa ya manne, ko ki yanke da almakashi.

Ajiya kuma akwai maganar da ba wasa ba. A 2014 an samu ɓarkewar cutar listeriya, wadda ake ɗauka ta gurɓataccen abinci, a Amurka daga irin wannan tuffar ta kanti, mutum 35 suka kamu a jihohi 12, bakwai suka rasu. Binciken da masana a Jami'ar Wisconsin suka yi bayan nan ya nuna tsinken da ake sokawa yana fito da ruwan tuffa ya kwanta tsakaninta da karamel, in aka bar ta a waje kwanaki ƙwayar cutar tana samun wurin hayayyafa a nan, a firij kuma abin yana raguwa sosai. Cutar ta fi yi wa masu ciki da tsofaffi da marasa ƙarfin jiki illa. Dan haka ki wanke tuffa da kyau, tsinke ya zama sabo mai tsabta, ki ajiye a firij, a cinye cikin kwana biyu zuwa uku. In wutarku irin tamu ce mai zuwa ta leƙa ta koma, ki yi daidai wanda za a cinye a ranar kawai. Mai yi dan sayarwa ko rabon biki ta tsoma ranar da za a kai, ta bari ya daskare sosai kafin ta sa a leda mai ƙyalli ta ɗaure a wuyan tsinken, in ta ɗan shafa mai a cikin ledar ba zai manne ba, kuma a kula za a kai ba a but ɗin mota da rana ba.

Wajen ci ki fito da ita minti 15 kafin lokaci dan karamel ya saki, daga firij kai tsaye tauri gare shi. Gatsa ta sukutum daɗin kallo ne kawai, hanci da haɓa duk sai sun samu rabonsu, ni yankawa nake. Ki shafa wa wuƙa mai, ki tsayar da tuffar ki riƙe tsinken, ki yanko gefe huɗu ki bar tsakiyar da 'ya'yan a jikin tsinke, sannan ki rarraba. Wadda aka yanka a cinye take, in ta zauna ruwanta narkar da karamel yake ya zama miya, shi ya sa ma ba na ba da shawarar a yayyanka tuffa tun farko a tsoma yanka-yanka, na gwada, cikin awa ɗaya ta jiƙe sharkaf. In haka kike so gara ki ƙara wa karamel madara ya yi ruwa-ruwa ki zuba a ɗan kwano kowa ya dangwala.

Ragowar da ke tukunya ki ƙara masa wuta minti biyu ki juye a faranti mai bota, in ya huce ki yanka ƙanana ki naɗe, kin samu alawa. Tukunyar kuma kar ki wahalar da kanki da soson ƙarfe, ki cika ta da ruwa ki jefa muciya da cokulan a ciki ki tafasa minti biyar, duk zai narke ya fita da kansa.